Kindirmon da Na Hana Inna

Shekara biyu cur na hana Inna shan nono. Ni na hana, da bakina, ba wani ya aiko ni ba. Na daɗe ina neman yadda zan faɗi maganar nan ta yi laushi a kunne, ban samu ba, don haka ga ta yadda take. Tun daga baya kuma tambaya guda ce ta tsaya mini a wuya ta ƙi wucewa: ciwon da ya kama ta, da hannuna a ciki ko babu?

Ni ce ɗiyarta ta fari, kuma ni kaɗai na yi boko a gidanmu na Fakku, a ƙasar Kebbe. Kada ku ɗauka wani dogon karatu ne. Takardar malanta ce, da ita nake koyarwa a wata firamare a Tambuwal, inda aure ya kai ni. Amma a gida takardar nan ta ishe ni zama likita, ta ishe ni zama alƙali, ni ce mai karanta saƙon waya, ni ce mai duba ko takin da aka sayo na gaske ne ko jabu. Cikin abin da nake koya wa 'yan aji huɗu akwai kiwon lafiya, wato wanke hannu da yanke farce da rufe abinci. Shi ke nan sai kowa ya ɗauka har cikin mutum na sani. Abin takaicin, ni ma haka na ɗauka. Ga ni da baki, ga saurin hawa, ba na son a ja da ni. Ƙanena, wanda ke riƙe da gona da 'yan shanunmu tun rasuwar Baba, yakan ce ranar da na zo gida har kaji sai sun shiga hankalinsu.

Inna kuwa ba ta da hayaniya. Aikinta nono ne tun kafin a haife ni. Da safe ƙanena ya tatso, ya miƙo mata madara da kumfarta. Ta tace da ƙyalle, ta ɗora a wuta ta tafasa, ta sauke, ta bari ta huce har ɗan yatsa ya iya zama a ciki. Sai ta juye a ƙwarya, ta ɗebo ludayi guda na nonon jiya ta zuba. Wannan ɗan ragowar shi take kira iri. Ta rufe da faifai ta kai lungun ɗaki bayan gado, ba mai taɓawa, ba mai leƙawa. Gari na wayewa kindirmo ya kwanta fari sol, in ka karkata ƙwaryar sai ya motsa gaba ɗaya. Na gida ta ware, na kasuwa ta ware. Ita kanta ba ta da wani abinci in ba fura da nono ba. Tuwo sai an matsa mata, nama kuwa ta ce maƙale mata yake a haƙori. Hantsi fura, azahar fura, in kwaɗayi ya motsa ta ɗebi kindirmo zalla ta sha a tsaye.

Ƙorenta ba sa ganin sabulu. Ruwan ɗumi da tafin hannu, ta kife su a rana, an gama. Abin ya daɗe yana ba ni haushi. Wani hutu da na zo, ta fita barkar haihuwa, sai na kwashe su kaf na dirje da soso da sabulu har suna ƙara, na haɗa har da 'yar ƙaramar da irin ke ciki, na zubar da shi a makwarara. Kwana uku nono bai kwanta ba. Ruwa ya tashi sama, ƙasa ya guntse yana wari, sai da aka aika maƙwabta aka samo mata wani irin. Ba ta yi mini faɗa ba. Iyakarta ta ce, "Malama ta yi muna tsabta." Haka take kirana tun da na fara aiki, rabi girmamawa rabi zolaya.

Tarin ya fara ne bayan an gama yankan gero. Busasshen tari, mai ƙaiƙayi a maƙoshi. Ba wanda ya damu. Wace tsohuwa ce ba ta tari a ƙauye, macen da ta ƙare ƙuruciyarta tana hura wutar kara a ɗakin girkin da tagarsa ba ta wuce tafin hannu ba? Da na ji ya wuce wata guda, sai na shiga kemis ɗin unguwarmu na faɗa wa mai shagon. Bai ga Inna ba, ni ma ban ga dalilin kai ta ba. Ya miƙo mini kati biyu na kafson nan mai ja da rawaya, wanda muke ce wa ja-da-yalo, ya ce safe da yamma, amma kada ta haɗa shi da madara ko nono, suna kashe masa ƙarfi.

Gaskiyarsa, iyakar abin da ya ce ke nan, kada a haɗa. Ni na ɗora nawa a kai. Dama tun muna yara muna jin ana cewa nono na kawo majina, mai tari ba ya shan abu mai sanyi da tsami. Ina bayan ɗan kabu-kabu na haɗa wannan da wancan, kafin mu isa Fakku na gama bincikena na yanke hukunci.

Na same ta tana dama fura. Na ajiye maganin a cinyarta, na janye ƙwaryar daga gabanta.

"Inna, daga yau ke da nono sai kin warke."

Ta ɗago ta dube ni, ludayi a hannu. "To mi za ni sha?"

"Ga kunu, ga tuwo, ga shayi. Nonon ga shi ka riƙe miki tari. Magani ba shi aiki in kina shan shi."

Matar ƙanena tana tankaɗe a gefe, ta ce, "Yaya, ko ɗan kaɗan?" Na juya na yi mata kallon da nake yi wa 'yan aji, ta mai da kai kan rariyarta. Inna ta lashe bayan ludayin ta ajiye.

"To," ta ce.

Tarin ya lafa na sati biyu, ko kuwa ni na ga dama na ce ya lafa. Kaina ya ƙara girma. Da ya dawo, na koma kemis, aka canja mini wani kafson, baƙi da ja. Ya sake dawowa, aka ba ni wani fari, dogo, mai ɗacin tsiya. Daga nan ma na daina tambaya, ni ke shiga in nuna da yatsa in ce a ba ni wancan. Duk ɗan kabu-kabun da ke bin hanyar Kebbe ya san ƙullin ledata. Kati ya ƙare, kati ya biyo baya. Wata ɗaya a huta, wata biyu a sha.

Sai cikinta ya lalace. Ta ci abu kaɗan ya kumbura, ta kwana biyu tana zagawa, bakinta ya yi fari-fari har gishiri na yi mata zafi. Zanen da take ɗaurawa ya fara zagaye ta har ya yi saura. Kun san abin da na ce? Na ce ai sha take a ɓoye. Na kira matar ƙanena a waya ina huci.

"Ki faɗa min gaskiya tsakaninki da Allah, tana sha in ba ni nan ko?"

"Wallahi Yaya ko ɗanɗane ba ta yi. In ta kwantar da nono ni ka ɗanɗana mata, in ce ya yi ko bai yi ba."

Na ji maganar nan da kunnena, amma ba ta shige ni ba sai daga baya. Ashe kullum tana nan a kan aikinta. Ta tafasa, ta zuba iri, ta rufe, da safe ta buɗe ta kai hanci ta shinshina, ta miƙa wa suruka ludayi. Ta dama wa kowa fura, tata kuma ta dama da ruwa zalla, in an samu tsamiya ta ɗan jiƙa ta zuba. Azumi biyu ta yi a haka. Ana kiran magariba gida duka a rufar wa ƙwaryar fura da nono, ita tana gefe da kofin kununta, tana ce wa jikoki su sha a hankali kada su ƙware.

Ranar da abin ya fashe ina cikin aji. Aka ce ana sallama da ni a bakin ƙofar makaranta. Na fito na ga ƙanena a kan babur, ƙafafunsa duk laka. Bai taɓa zuwa wurin aikina ba. Ya ciro wani ƙyalle daga aljihu ya buɗe. Jini ne, ba mai yawa ba, amma jini.

"Yaya," ya ce, "wanga ba na kafso ba na."

Mutumin da bai taɓa ja da ni ba ke nan. Na koma na ɗauko mayafina.

Muka kawo ta asibiti nan Tambuwal. Aka auna majinarta, don kowa tarin tibi ya zata, aka ce ba shi ba ne. Har na fara murna. Aka ɗauki hoton ƙirji, mai dubawa ya ɗaga shi a taga ya daɗe yana kallo, sannan ya rubuta mana takarda zuwa babban asibiti a Sakkwato. Can ma hoto, wani hoton kuma, sannan suka sa allura suka ɗebi ɗan abu daga ƙirjinta don awo. Suka ce mu dawo, kuma in muna zuwa mu zo da duk maganin da ta taɓa sha. Na sa matar ƙanena ta tattaro mini tsofaffin katunan da Inna ke cusawa a cikin rufin ɗaki. Leda guda ta cika. Wallahi a cikin motar Sakkwato ina rungume da ledar nan har wani alfahari nake ji, za a ga ɗiyar da ba ta yi sakaci da uwarta ba.

Likitar mace ce, ba za ta girme ni ba, Hausarta irin ta rediyo. Ta gaishe da Inna sosai, ta tambayi hanya, sannan ta dube ni ta ce ciwon daji ne, a huhun dama. Inna ta taɓa gwiwata.

"Mi tac ce?"

Bakin nan nawa da ba ya mutuwa, ranar ya mutu. Likitar ta jawo kujerarta kusa da Inna ta faɗa mata da kanta, a hankali, ba ɓoye-ɓoye. Inna ta yi salati, ta gyara lulluɓinta, ta ce Allah shi ya san abin da ya nufa. Likitar ta ce akwai magani da za a gwada, amma mai ƙarfi ne, yana son jiki. Ta ɗora ta a sikeli, ta dubi allurar, ta girgiza kai. Ta tambayi yaushe cikin ya fara lalacewa, me take ci, me ta sha. Sai na zazzage ledata a kan tebur.

Ta ɗauki katunan ɗaya bayan ɗaya tana juyawa.

"Wa ya rubuta mata waɗannan?"

"Ni ce nake saya mata," na ce. Muryata ta riga ta sauka.

Ba ta yi mini tsawa ba, da ma ta yi. Juyawa ta yi ga Inna. "Mama, a cikin hanjin kowa akwai wasu ƙananan halittu masu rai, ido ba ya ganinsu, ba sa ƙirguwa. Mutane sun ɗauka duka na cuta ne, alhali da yawansu aiki suke mana. Suna taya mu narkar da abinci, suna taya jiki sanin yadda zai kare kansa. Har a huhu akwai su, ko da yake ba su kai na hanji yawa ba, kuma abin da ya taɓa na ciki yakan iya taɓa na ƙirji. Irin kafson nan ba ya zaɓe. Mai cutarwa da mai amfani duka yake sharewa. In an sha shi inda ya dace, na 'yan kwanaki, jiki yakan mai da abinsa. Amma ke an daɗe ana share miki."

Ni da ke koyar da kiwon lafiya ina nan zaune ina ƙifta ido, ban gama kamo zancen ba. Inna ce ta gyaɗa kai.

"Wato iri na anka zubar."

Likitar ta ce, "Na'am, Mama?"

"Awa ƙwaryar nono, ɗiyata. In anka dirje ta da sabulu, anka zubda iri, komi kyawon madara ba ta kwantawa."

Likitar ta yi dariya har ta dafa tebur. "Wallahi Mama kin fi ni iya bayani. To ashe ke mai nono ce? Kina sha dai ko?"

"Na kwan biyu ban sha ba," in ji Inna. Ba ta dube ni ba ko da wutsiyar ido. Ni na buɗe baki na ce shekara biyu ne, kuma ni na hana.

Da ƙanena ya fita da Inna zuwa benci, na tsaya a bakin ƙofa na kasa tafiya. Na ce, "Likita, don Allah ki faɗa mini, kada ki ji tausayina. Ni na sa mata ciwon nan?"

Ta ajiye biro. Ta ce ba ta ce haka ba, kuma ba wanda zai iya ce mini haka da gaskiya. Ta ce akwai hayaƙin girki na shekara da shekaru, akwai tsufa, akwai abin da ba a sani ba. Ta ce masu bincike sun lura halittun nan na hanji da na huhu sukan bambanta a jikin masu wannan ciwo, amma har yanzu ba a tabbatar ko canjin ne ke buɗe wa ciwon ƙofa ko ciwon ne ke kawo canjin ba. Ana kuma ganin kamar wasu magungunan dajin sun fi kama jikin wanda hanjinsa ke da rai. "Abin da na sani," ta ce, "kafso ba ya maganin wannan ciwo, ya jinkirta zuwanku, kuma ya raunana ta. Wannan gaskiya ne, ba zan ɓoye miki ba. Sauran ki bar wa Allah."

Na so ta ce e, ko ta ce a'a. Ko wanne ta faɗa da na san inda zan ajiye shi. Ta ba mu sati shida, ta ce a daina duk wani kafso, a ba Inna abinci, wake, ganye, ƙwai, miyar daddawa, da nononta, muddin an tafasa madarar kafin a kwantar. Ta ce kada in ɗauka magani ne, abinci ne, amma abincin da cikinta ya sani. In jiki ya dawo, sai a fara.

Na nemi hutu a makaranta, na bar wa maigidana yara da ƙanwarsa, na tare a Fakku. Inna a lokacin ba ta iya tsugunno gaban murhu, hayaƙi ma an hana ta kusanta. Na ce ba wanda zai kwantar mata da nono sai ni. Matar ƙanena ta rufe baki da gefen mayafi, na san dariya take, na ƙyale ta don ta yi gaskiya. Rabona da aikin nan tun ina 'yar firamare.

Inna na kwance a tabarma a inuwar ɗaki tana ba da umarni. "Sauke, ta tafasa. Ke, ba a hura ta da baki, bar ta ta huce da kanta. Sa yatsa. Da zafi? To jira." Na jira. Ban iya jira ba a rayuwata, amma na jira. Da na zo zuba iri sai na ga ludayi guda ya yi mini kaɗan, na faki idonta na ƙara biyu, wai don ya fi ƙarfi. Halin dai bai bar ni ba.

Da safe na buɗe faifai, ya kwanta. Na dama fura mai laushi, na tace ta don kada ta shaƙe ta, na zuba kindirmon, na kai mata. Na durƙusa na ce, "Inna, ga shi."

"An yarda?" ta ce.

Kai, maganar nan ta soke ni. Kuma ba da gatse ta faɗa ba, tambaya take da gaske. Na ce an yarda. Ta yi bisimilla ta kai ludayi baki, ta riƙe a bakin ta rufe ido kafin ta haɗiye. Ta sha na biyu, ta sha na uku. Hawaye na bin gefen hancinta, ita kuma ta ce tsamin ne.

"Malama an cika iri," ta ce. "Wanga ai sai shi tada matacce."

Muka yi dariya mu duka, har ƙanena da ke ɗaure maraƙi. Dariyar ta tayar mata da tari, na riƙe ta har ya lafa. Rabona da in ji ƙashin bayanta a tafin hannuna tun ina goye, sai na ji duk ana ƙirga shi.

Satin nan shida su ne mafi daɗi da na yi da ita tun da na girma. Zagayen ya ragu, sannan ya tsaya. Farin bakin ya washe. Ta fara cewa a ƙara mata, ta fara faɗan an bar akuya ta shiga rumbu. Na koyi zuba ludayi guda in tsaya. Kullum da hantsi in zauna gabanta in ƙirga abin da ta sha a zuci, in ta wuce na jiya in ji kamar an yi mini albishir. Wata rana ta taka da kanta har garke, ta dafa wata tsohuwar saniyarta tana yi mata magana ƙasa-ƙasa. Na tsaya daga nesa ina cewa a raina, ai kuwa za a fara maganin nan, za ta tashi, abin da na ɓata ya gyaru.

Muka koma Sakkwato. Allurar sikeli ta ɗan matsa gaba, likitar ta yaba, ta ce Mama an yi ƙoƙari. Aka sake hoto. Da ta kira mu ciki ban buƙaci ta yi magana ba. Ciwon bai jira mu ba, ya taɓa ɗaya huhun, ya taɓa ƙashi. Ta ce maganin mai ƙarfi yanzu wahala kawai zai ƙara mata. Ta rubuta na rage zafi da na sauƙaƙa numfashi, ta nuna mini yadda ake ba da su, ta ce wannan karon in bi takarda. Inna ta yi mata godiya, ta sa mata albarka, ta ce in ta biyo ta Kebbe ta tsaya ta sha fura.

Muka kama hanyar gida a mota. Inna ta jingina da kafaɗata ta yi barci, ni kuwa ina ta lissafin watanni. Da na kai ta tun tarin farko fa? Da na tsaya a kati biyu fa? Da cikinta na da ƙarfi tun zuwanmu na fari, da an fara a ranar, ba a ce mu je mu dawo ba.

Kwana tara kafin ta rasu na kasa riƙewa. Bayan azahar ne, gidan shiru, ƙanena ya tafi gona, matarsa ta tafi rijiya. Inna na kwance a ɗakinta, na gama shafa mata man zafi a baya. A lokacin ludayi biyu take iya sha, shi ma da ƙyar. Na zauna a ƙasa wajen ƙafafunta. Na shirya magana mai tsawo, amma abin da ya fito kaɗan ne.

"Inna, ki yafe min. Ni na cuce ki. Na ɗura miki magani ba da sani ba, na hana ki abincinki, na ce nono ka sa ki tari. Ƙarya ta, Inna, ban san komi ba."

Ta daɗe tana numfashi kafin ta tara abin magana.

"Na yafe miki duniya da lahira. Ciwo na Allah na." Ta huta. "Amma zancen nono, kina zaton ban sani ba? Tun ban da haƙora nika shan shi. Bai taɓa sa ni tari ba."

Na ɗago. "Kin sani?"

"Na sani mana."

"To don mi ba ki sha ba? Ina Tambuwal, ke kina nan, ƙwarya na bayan gadonki. Wa za shi faɗa min? Shekara biyu, Inna! Ko ki ce min ƙarya nika yi, ki kore ni da ludayi!"

Har a nan faɗa nake mata, ku ji fa, ina kuka ina faɗa. Ta bari na gama.

"Duk garin ga sun ji kin hana," ta ce. "Mata na zuwa da takardunsu su ce a aje ma Malama ta duba. In ni da na haife ki na take maganarki, wa za shi ƙara jin ta? Su ce ɗiyata ta tafi boko ta dawo ba ta san komi ba?" Ta girgiza kai a kan matashi. "Nono dai na. Na iya haƙuri da shi. Wancan ne ban iyawa."

Ba ta taɓa faɗa mini magana irin wannan ba, ɗiyar fari ba a yi mata haka. Ita ma ta ji nauyin abin da ya fito daga bakinta, sai ta ja mayafi ta juya fuska wajen bango. Na kama ƙafarta da hannu biyu, busasshiya, mai sanyi, na kifa goshina a kai. Ba ta janye ba. Muna nan a haka har aka kira la'asar.